Yadda zaka ga dabbobi da macizai in ka shiga kurmi

Duk wanda ke shirin zuwa kurmi irin na Amazon ko na Kwango ko na tsibirin Boniyo don kallon namun daji, to ya fara cire wani tunani daga ransa, wato wai yana sa ƙafa zai fara cin karo da dabbobi ta ko'ina kamar yadda ake nunawa a talabijin. Sam ba haka abin yake ba. Masu ɗaukar irin wancan bidiyon watanni suke yi suna fako kafin su haɗa abin da kai zaka kalla cikin minti 40. A fili irin Serengeti kana zaune cikin mota zaka hango giwa tun daga nesa, amma a kurmi ganye ne gabanka, ganye ne bayanka, ga duhu da rana tsaka don hasken da ke ratsowa har ƙasa da ƙyar yake kai kashi 2 cikin 100, su kuma yawancin dabbobin suna can ƙololuwa, mita 30 zuwa 40 a saman kanka, suna kallonka kai baka ganinsu. Shi yasa mutane biyu zasu bi hanya ɗaya a safiya ɗaya, wannan ya dawo yana cewa babu komai sai sauro da laka, wancan ya dawo da hoton biri da kwaɗi da maciji har biyu. Bambancinsu kawai shine na farkon tafiya ya je yi, na biyun kallo.

Maganar maciji kuma abin da zai baka mamaki shine samunsa ya fi kauce masa wuya. Mutum zai taho da fargaba yana zaton kowane reshe da maciji a kai, sai ya yi sati guda bai ga ko ɗaya ba, alhali ya wuce ta gefen da yawa bai sani ba. Macizan duniya sun kai kala kusan 4,000, masu dafi a cikinsu kamar 600 ne, waɗanda kuma dafinsu ke iya kashe mutum ko ya nakasa shi basu wuce kamar 200 ba. Ba wai ina raina abin bane, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce duk shekara saran maciji na kashe tsakanin mutum 81,000 zuwa 138,000, kuma a 2017 ta saka shi cikin jerin cututtukan da aka yi sakaci dasu, sai dai akasarin waɗanda abin ke rutsawa dasu manoma ne da makiyaya da yara da ke aiki ba takalmi kuma nesa da asibiti, ba mai yawon buɗe ido da ke bin bayan jagora da dogon takalmi a ƙafarsa ba. Kuma ɗabi'ar da zata sa ka ga maciji ita ce dai zata hana ka taka shi, tafiya a hankali da duba inda zaka sa ƙafa da inda zaka kai hannu.

Inda zaka je da lokacin da zaka je

Ka fara tambayar kanka me kake son gani, don kowane kurmi da nasa. In manyan aku masu ja da shuɗi da ruwan ɗorawa kake so da birrai kala-kala, to Amazon, ta ɓangaren Peru akwai Tambopata da Manu, a can ne akun ke taruwa da sassafe a gaɓar kogi suna cin yumɓu, a Ikwado akwai Yasuni, a Barazil mutane kan tashi daga Manaus. Garin Iquitos na Peru ma babu titin mota da ya haɗa shi da sauran ƙasar, sai ta jirgin sama ko ta ruwa. Kosta Rika ta fi sauƙi ga wanda bai taɓa yi ba saboda hanyoyin dajin a gyare suke kuma jagororinsu sun ƙware, akwai Tortuguero akwai Corcovado, shi Corcovado ma ba a barinka ka shiga sai da jagora mai lasisi. In gorila ne sai Bwindi a Yuganda ko tsaunukan Ruwanda, birin cimpanzi kuma Kibale a Yuganda, giwar kurmi Gabon ko Dzanga a Afirka ta Tsakiya, ga kuma Korup a Kamaru da Kuros Riba a Najeriya da Kakum a Gana mai gadar igiya a saman bishiyoyi. Boniyo kuwa, a Asiya, gidan babban birin nan orangutan ne da birin nan mai dogon hanci, kogin Kinabatangan da kwarin Danum su aka fi zuwa. Wanda kuma tsoron dafi ya hana shi sakat ya tafi Madagaska, macizan can babu mai dafin da ke kashe mutum, ga hawainiya kamar me.

Wani abu da mutane ke yawan kuskurewa, damisar Amurka ta Kudu da ake kira jaguwa tana Amazon ɗin tabbas amma ganinta a can sai mai tsananin rabo, in ita ce burinka to fadamar Pantanal ta Barazil zaka nufa, ita kuma ba kurmi bace.

Lokaci ma yana da nasa. A Amazon ruwan kogi yakan hau ya sauka da kusan mita 10 tsakanin damina da rani a wajen Manaus, in ruwa ya cika sai ka shiga da kwale-kwale har cikin bishiyoyi ka matso kusa da rassa inda birrai da tsuntsaye suke, in ya janye kuma hanyoyin ƙafa su buɗe, kadoji su fito bakin yashi. Mai neman kwaɗi da macizai ya fi dacewa da farkon damina, don ruwa na sauka kwaɗi ke fitowa aure, macizai kuma su biyo kwaɗin. Kwana biyu dai ba zai isheka ba gaskiya, ranar farko idonka ma bai saba da duhun ba, ka ware kwana huɗu ko biyar a wuri ɗaya ya fi maka ka yi ta tsalle daga wannan masauki zuwa wancan.

Jagora kuwa kar ka yi rowa a kansa. Ɗan yankin da ya tashi a dajin zai tsaya cak ya nuna maka wani dunƙule a reshe kai kana ta raba ido minti biyu baka ga komai ba, sai can ka ga dunƙulen ya lumshe ido. Ka gaya masa tun farko cewa kana son ganin macizai, don da yawansu sun saba da baƙi masu tsoro sai su janye ka daga wurin ba tare da sun faɗa maka ba. Ka nemi ƙaramin rukuni, mutum huɗu zuwa shida, don in kuka kai goma sha biyar na gaba ne kawai zai ga abu, na baya sai dai ya ga reshe na rawa. Amma jagoran da ka ga yana damƙo maciji ko ɗan kada yana miƙa wa baƙi su yi hoto, ko yana jefa wa birrai abinci don su matso, wannan ka guje shi ko da kuwa shine mafi araha.

Kayan da zaka riƙe

Dogon takalmin roba mai kaiwa kusan gwiwa shine kan gaba, masaukai da yawa a Amazon su suke bada aronsa, saboda yawancin sara a ƙafa ne daga idon sawu zuwa ƙwauri. Dogon wando mai ɗan faɗi wanda bai ɗame fata ba, riga mai dogon hannu marar nauyi, kalar ƙasa ko kore ko toka, ka bar fari tas da ja a jaka. Jins kar ma ka ɗauko, in ya jiƙe ba zai bushe ba har ka bar dajin. Madubin hangen nesa mai lamba 8x42 ya fi dacewa saboda yana tara haske a inuwa, kuma wallahi ya fi kyamara amfani, kowa ya riƙe nasa don kafin a miƙo maka na wani tsuntsun ya tashi. Tocilar goshi mai ƙarfi da wata ta hannu da batir na ko-ta-kwana. Leda ko jakar da ruwa baya shiga don waya da kyamara, kuma in ka kwana a ɗaki mai na'urar sanyi ka fito da kyamara waje gilashin zai yi gumi ka kasa ɗaukar komai na kusan rabin awa, gara ka bar ta inda babu sanyin. A Boniyo da sauran dazukan Asiya matsattsaku sun yi yawa, akwai wata safa ta yadi da ake ɗaurewa a gwiwa saboda su, ka saya. Turare da man shafawa mai ƙamshi a ajiye su. Maganin sauro na shafawa dole ne, amma mai sinadarin DEET yana cinye roba, ka wanke hannu kafin ka taɓa kyamara, kuma kar ka kuskura ka taɓa kwaɗo da hannun da ka shafa shi don fatarsu tana tsotsar komai. Allurar rigakafin cutar shawara a yi ta aƙalla kwana 10 kafin tafiya, wasu ƙasashen ma sai ka nuna katin, sannan ka ga likita kan maganin maleriya na wurin da zaka.

Yadda ake tafiyar

Ka tashi tun duhun asuba. Daga ketowar alfijir zuwa kamar ƙarfe tara shine lokacin da dajin ke raye, da rana ta take kowa ya yi lamo, sai kuma la'asar sakaliya zuwa magariba. Tafiyar kuma a yi ta kamar mai neman allurar da ta faɗi, taku goma ko ashirin ka tsaya, ka duba ƙasa, ka duba daidai ƙirjinka, ka ɗaga kai sama, sannan ka ci gaba. Kilomita ɗaya a awa ɗaya ba laifi bane. Kuma kar ka haɗa tafiya da kallon sama, in zaka kalli sama ka tsaya tukuna, mutanen da ke taka abin da bai kamata ba galibi idonsu na kan wani biri ne ƙafarsu na tafiya ita kaɗai.

Kunne ya fi ido aiki a kurmi. Ka yi shiru, wayarka ma a kashe mata ƙara. In ka ji rassa na karyewa a sama kamar iska alhali babu iska to ayarin birrai ne ke wucewa, in ka ji ɓawon 'ya'yan itace na faɗowa tim tim to wani na can yana ci, je ka tsaya daga gefe ba daidai ƙarƙashi ba don biri baya jin kunyar yi maka fitsari a ka. Birin nan mai gurnani na Amurka ta Kudu ana jin sa daga kilomita biyu uku da asuba, wanda bai sani ba sai ya rantse damisa ce. Manyan cilakowan Asiya da na Afirka kuma tun kafin ka gansu zaka ji fukafukansu na huci a sama. Hanci ma yana aiki, aladun daji na Amazon warinsu na riga su isowa.

Bishiyar ɓaure da ta nuna ta fi yawon awa uku. In jagora ya san inda take ku je ku zauna kawai, birrai da tsuntsaye da kurege duk zasu zo da ƙafarsu, da dare kuma jemagu su karɓi aiki. Haka in kuka ci karo da rundunar kwarkwasa na tafe, ku matsa gefe ku kalla, don duk ƙwaron da ke ƙarƙashin ganye sai ya fito da gudu, tsuntsaye kuma na biye suna cafkewa. Sai bakin kogi da inda wata babbar bishiya ta faɗi ta buɗe sarari, nan haske ke sauka nan kuma ƙadangaru da macizai ke fitowa shan hantsi, musamman washegarin da aka kwana ana ruwa.

In gorila ne akwai doka mai tsauri, awa ɗaya kawai ake baku, mutum takwas a rukuni, a tsaya nesa da su, kuma mai mura ba a barinsa ya je saboda cutar mutum tana kama su har ta kashe.

Neman maciji

To a nan ne ake bambanta mai ido da mai tafiya. Kar ka nemi maciji sukutum, bazaka gan shi ba. Abin da kake nema shine wani abu da bai dace da wurin ba, lanƙwasa mai santsi a cikin tarkacen da komai nasa a karye yake, zane mai maimaita kansa daki-daki a cikin busassun ganye, ɗan sheƙi, ko wata kurangar da kaurinta ɗaya daga farko har ƙarshe kuma ba ganye ko ɗaya a jikinta. Ɗauki macijiyar nan da ake kira kasa ta Gabon misali, ƙatuwar macijiya ce mai kauri, haƙoran dafinta na kai santimita 5, babu macijin da ya kai ta tsawon haƙori, jikinta zane ne na ruwan ƙasa da ruwan hoda da baƙi, kanta kuma sak busasshen ganye har da layin tsakiya, in tana kwance a cikin ganye ana nuna maka da sanda ma sai ka yi da gaske. Ba ta gudu, kwanciya take kwana da kwanaki tana jiran ɓera ya gifta, kuma irin waɗannan masu kwanton ɓaunar su ne ake takawa. Masu gudu irin su mamba da gamsheƙar kurmi tun kana nesa sun ji dirin ƙafarka a ƙasa sun sulale, abin da zaka gani wutsiya ce kawai.

Wuraren dubawa kuwa, gindin manyan bishiyoyin nan masu saiwa kamar bango, tsakanin saiwa da saiwa inda ganye ke taruwa, gefen ruɓaɓɓen gungume, bakin rafi da kududdufi inda kwaɗi ke kuka, rassan da suka sunkuyo kan ruwa, da kuma cikin furanni da ganyen ayabar daji daidai tsayin fuskarka. A Kosta Rika akwai wata 'yar ƙaramar macijiya mai dafi da ke da wasu ƙaya-ƙaya a saman ido kamar gashin ido, tsawonta bai kai mita ɗaya ba, wata rawaya ce shar wata kuma kalar gansakuka, tana naɗe a jikin fure tana jiran tsuntsu ko kwaɗo, ita ce dalilin da yasa ake ce maka kar ka dafa reshe baka duba ba. A Boniyo akwai 'yar'uwarta koriya wadda zata iya kwana da yawa a reshe ɗaya ba motsi, shi yasa jagora kan kai ka kai tsaye inda ya bar ta jiya. Koren macijin bishiya na Amazon da koriyar mesar Niyu Gini da arewacin Ostareliya kuma kwanciyarsu iri ɗaya duk da nisan da ke tsakaninsu, su naɗe jiki a reshe kamar sirdi su ɗora kai a tsakiya, 'ya'yansu kuwa ja ko ruwan ɗorawa suke fitowa sai sun girma su koma kore.

Ka riƙa sauraren ƙananan tsuntsaye da kurege. In ka ji sun taru wuri ɗaya suna ta tsiwa suna kai da kawo a reshe guda, to akwai abin da suka gani, ko maciji ko mujiya, bi inda bakinsu ke nunawa. Saɓar maciji a jikin kututture ma alama ce yana nan kusa.

Amma gaskiyar magana da dare ake ganin maciji. Awa biyu zuwa uku bayan magariba, an ɗan yi yayyafi, iska da ɗumi, kwaɗi na ta kuka, wannan shine daren. Ka riƙe tocila kusa da idonka, shi yasa ta goshi ta fi, saboda hasken da ya daki idon dabba yana dawowa ne ta hanyar da ya bi. Idon kada ja zaka gan shi a saman ruwa kamar garwashi, na gizo-gizo ƙananan ƙyalli ne birjik a ƙasa, na dabbobi masu gashi kuma manya ne guda biyu suna ƙiftawa. Yawancin macizai idonsu baya mayar da haske, sai 'yan kaɗan irin macijin bishiyar Amazon, don haka abin da kake nema shine cikinsu, fari ne ko ruwan madara, in ka haska reshe daga ƙasa sai ya fito fes a cikin koren ganye. Siraran macizan da ke yawo da rana ma da dare suna kwana ne a ƙarshen reshe a naɗe, ga wani siriri kamar igiyar takalmi mai ƙaton kai da manyan idanu da ke bin ganye a hankali yana neman ƙadangaren da ya yi barci, ba ya cutar da kowa, kuma in ka same shi zaka iya tsayawa minti goma kana kallon yadda yake miƙa rabin jikinsa a iska daga wannan reshe zuwa wancan ba tare da ganye ɗaya ya motsa ba. Haska ƙasa inda zaka taka tukuna, sannan gefe, sannan sama, kuma kar ka dallare fuskar dabba da haske na tsawon lokaci, in tocilarka na da jan haske ka koma kansa.

Manyan da kowa ke tambaya, anakonda ita ce mafi nauyi a duniya kuma a ruwa take, fadama da bakin tafki, an fi ganinta lokacin da ruwa ya ja baya. Mesar kudu maso gabashin Asiya ita ce mafi tsawo tana haura mita 6, a Kinabatangan akan same ta a naɗe a reshen bakin kogi in an fita da kwale-kwale da dare. Sarkin gamsheƙa na Asiya shine mafi tsawo a cikin masu dafi, yana wuce mita 5, abincinsa macizai 'yan'uwansa, macen kuma tara ganye take ta yi sheƙa ta tsare ƙwanta, in ka ga tulin ganye da jagora ya ce a kauce to a kauce ɗin. Duk waɗannan ganinsu sa'a ce, kar ka ɗaura wa jagora laifi in basu fito ba.

In ka gan shi

Tsaya cak, ka sanar da na bayanka da murya ƙasa-ƙasa, ka ja da baya taku biyu uku. Maciji na iya kai sara kamar sulusi zuwa rabin tsawon jikinsa, saboda haka mita biyu shine mafi ƙarancin tazara, in babba ne ko baka san shi ba ka ƙara. Kar ku zagaye shi, a bar masa hanyar wucewa. Hoto a jawo shi da kyamara daga nesa, ba a miƙa hannu da waya zuwa fuskar maciji, wasunsu suna da wasu ramuka tsakanin ido da hanci da ke jin ɗumin jiki, hannunka a wurinsu ɓera ne kawai ko cikin duhu. In ya fara huci, ko ya janye wuya ya lanƙwasa, ko yana kaɗa wutsiya a cikin ganye, ko ya fasa kai, to ya gama yi maka gargaɗi.

Kuma don Allah a daina dogaro da maganar nan ta wai mai dafi kansa mai kusurwa uku ne idonsa kamar na kyanwa. Mamba da gamsheƙa kansu siriri ne idonsu zagaye, mesa kuwa da ba ta da dafi kanta mai faɗi ne. Macizan nan masu zoben ja da baƙi da rawaya na Amurka ma, ƙa'idar jerin kalar da ake koya wa mutane a arewacin nahiyar ba ta aiki a Amazon. Duk wanda baka sani ba ka ɗauke shi mai dafi, ba a taɓawa, ba a tsokana da sanda, ko matacce ne a bar shi don kan da aka sare ma yana iya sara.

Sauran ƙananan ɗabi'u da sannu zasu zame maka jiki. In gungume ya tare hanya ka hau kansa ka leƙa ɗaya gefen sannan ka sauka, ba a tsallakawa a makance. In santsi ya ɗebe ka gara ka zauna a laka da ka cafki bishiya, don ko babu maciji akwai kwakwar daji mai ƙaya kamar allura, ga wata ƙatuwar tururuwa a Amurka ta Tsakiya da ta Kudu da harbinta ke sa ƙato kuka yini guda. Da safe ka zazzage takalmi kafin ka zura ƙafa, jaka a zuge ta a rataye, da dare ko bayi zaka je ka sa takalmi ka ɗau tocila, don macijin da ya fi saran mutane a Amurka ta Tsakiya, wanda suke kira tasiyofelo, ya fi son gefen gonaki da kewayen gidaje inda ɓeraye suke fiye da tsakiyar dajin.

In tsautsayi ya gifta

Tun kafin ku shiga daji ka tambayi masaukin wane asibiti ne mafi kusa da ke da allurar kashe dafi, awa nawa ne zuwa can, da me ake fita da mutum in dare ne, kuma ka tabbata inshorar tafiyarka ta haɗa da ɗauko mara lafiya daga daji. Allurar nan daga jinin doki ake haɗa ta kuma kowane yanki da tasa, ta Indiya ba lallai ta yi aiki a kan macijin Barazil ba, shi yasa ake da cibiyoyi irin Butantan a Sao Paulo tun 1901 da Clodomiro Picado a Kosta Rika tun 1970 suna yin ta macizan yankinsu.

In an sari mutum, a janye shi daga wurin, a kwantar masa da hankali, a cire zobe da agogo da takalmi kafin kumburi ya taso, a sa wa ƙafar ko hannun karan ɗori don kar ya riƙa motsi, a ɗauke shi in da hali maimakon ya taka, a nufi asibiti nan take. A duba agogo a riƙe lokacin da abin ya faru, in akwai biro a zagaye iyakar kumburin a rubuta lokaci a gefe, likita zai ji daɗin wannan. Ba a tsagawa, ba a tsotsa da baki, ba a ɗaure da igiya tamau don ɗaurin kan jawo a yanke ƙafar da da ta warke, ba ƙanƙara, ba baƙin dutse, ba giya. In zafi ya yi yawa farasitamol, banda asfirin da ibufurofen saboda suna ƙara zubar jini. In yana amai ko jiri a kwantar da shi ta gefe a lura da numfashinsa. Naɗe gaɓa da bandeji mai matsewa da ake koyarwa a Ostareliya don irin macizansu ne masu shanye jijiya, a kan saran dangin kasa da kububuwa mai kumburi yana iya ƙara ɓarna, ka tambayi abin da likitocin ƙasar da zaka je suke cewa. In gamsheƙa mai tofi ce ta fesa wa mutum a ido, a yi ta wankewa da ruwa mai yawa sannan a tafi asibiti.

Kar a ɓata lokaci wajen farautar macijin, hoto daga nesa ya wadatar, in babu ma likitoci na gane wa daga alamomin jiki. Kuma ko mutum ya ce shi lafiyarsa ƙalau a tafi dai, don wani saran babu dafi a cikinsa amma wani kuma, kamar na macizan nan masu zoben baƙi da fari na Asiya da ke yawo da dare, ko zafi ba a ji sosai sai bayan awanni ido ya fara rufewa da kansa numfashi ya fara sarƙewa, shi yasa asibiti kan riƙe mutum kwana guda suna dubawa kafin su sallame shi.

Hotunan da ka dawo dasu kuma kana iya ɗora su a manhajar iNaturalist masana su gaya maka sunan abin da ka gani, amma in wani maciji ne ko kwaɗo ko hawainiya da ba a cika samu ba ka ɓoye takamaiman wurin kafin ka saka a intanet, masu kama su suna sayarwa suna bibiyar irin waɗannan hotunan.